Doktora Ba Ta Son Hayaƙi

A layin su Doña Herlinda, can gangaren da ke fuskantar tafki a Tampico, idan ƙirjin yaro ya fara fito ba a fara tambayar ko an kai shi asibiti. Abin da ake tambaya shi ne, "An je aron Doktora?"

Doktora, wato likita, kififiya ce, irin mai jan zane a gefen kai, daidai inda kunne ya kamata ya zauna. Shekararta ashirin da tara a gidan. Ranar da ta zo ba ta fi murfin kwalba ba, yanzu kuwa ta kai faɗin faranti, ga nauyi, ga baƙin rai. Mazauninta wani tsohon bahon siminti ne a tsakar gida, wanda Herlinda ta toshe ta cika da ruwa, ta jera bulo biyu ta ɗora faffaɗan dutse don mai wurin ta riƙa hawa shan hantsi.

Herlinda mace ce gajera mai faɗin kafaɗa. Shekararta sittin da uku, arba'in daga ciki a kan wanki da gugar mutane ta yi su. Ba ta sauri, ba ta maimaita magana. Kullum da safe, kafin kofi ya shiga cikinta, sai ta duba kififiyar: ido ko ya kumbura, hanci ko yana kumfa, sannan ta danna ƙoƙon bayan da babban yatsa ta ji ko ya yi laushi. Kwana uku-uku take sauya ruwa. Ranar Asabar takan goge ƙoƙon da tsohon buroshin haƙori, dabbar na huci tana kai cizo, ita kuma tana ce mata, "Ciji mana, marar godiya. Wa kike da shi in ba ni ba?" Abinci a wata roba daban ake ba ta don kada ruwan baho ya yi wari: kawunan jatanlande da masu kifi ke ajiye mata, ganyen latas, wani lokaci tsutsar ƙasa. Duk wanda ya taɓa ta kuma sai ya wanke hannu da sabulu a gaban Herlinda, ko da Fada ne ya zo daga coci.

Tun kaka da kakanni mutanen layin suka yarda cewa in aka kwantar da kififiya ƙarƙashin gadon mai asma, tana zuƙe ciwon. Samun kififiya ba wuya, ga 'yan ƙanana nan ana sayarwa a kasuwa. Sai dai na kasuwa kan mutu cikin wata biyu, yaro kuma ya ci gaba da tarinsa. Ta Herlinda ce ke aiki, kuma shaidarta na yawo da ƙafa biyu: Nereida, 'yarta tilo, wadda aka taɓa fid da rai da ita tana shekara biyu. Ga ta yanzu ƙatuwar mace, in ta yi tallan kaguwa a kasuwar kifi har bakin kogi ake jin muryarta.

Aron yana da ƙa'ida. Herlinda da kanta take kai ta a bokiti, ta shiga gidan tana leƙe-leƙe kamar duba-gari.

"Doktora ba ta son hayaƙi," haka take farawa. "Maigida ya sha tabarsa a titi. Murhun gawayin nan ya fita. Maganin sauro na kunnawa, kada na sake ganinsa. Ba ta shiri da kyanwa, ba ta kwana ɗaki ɗaya da kaza. A wanke barguna, a shanya katifa, a yayyafa ruwa kafin shara."

Kwana uku kacal take bari, kuma da rana dole a fito da ita ta sha ruwa da rana, domin duhun ƙarƙashin gado kan kumbura mata ido. Amma ƙa'idojin sai an riƙe su kwana arba'in bayan tafiyarta, in ba haka ba ciwon da ta ɗauka zai gane hanya ya dawo. Yawancin yaran sukan sami sauƙi. Herlinda ba ta taɓa karɓar ko peso ɗaya ba. Sai dai ba a yin biki a layin ba a aiko mata da kwano ba, yara goma sha ɗaya ita ce uwar baftismarsu, kuma in mata da miji suka saɓa, kujerarta ake jira a ajiye kafin a fara magana. Idan aka yi mata godiya takan sunkuyar da kai ta ce, "Ni me na yi? Aikin Doktora ne." Tana jin daɗin wannan sunkuyon fiye da yadda za ta yarda ta faɗa wa kanta.

Akwai abin da ita kaɗai ta sani.

Lokacin da Nereida ke ciwo, a ɗaki ɗaya suke da mijinta Cleofas, ma'aikacin jirgin kamun jatanlande. Mutum ne da ba ya kashe wata sigari sai ya kunna wata da ita, ga zakarun faɗa uku da yake shigowa da su ɗaki duk sanda sanyi ya sauka. Herlinda ta yi magana har ta gaji, amsarsa ɗaya ce, "Mata dai da surutu." Uwarsa Doña Pomposa ce ta sayo kififiyar ta tura ƙarƙashin gado, ta ce an gama. Ba a gama ba. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Amparo, wadda Herlinda ke goge wa fararen kayan aiki, ita ce ta ji numfashin yarinyar wata rana ta ajiye abin da take yi ta ja su asibiti. Aka ba su maganin nan da ake fesawa a shaƙa. Da Pomposa ta ji labari sai ta dafe ƙirji. Ta ce abin nan raunana zuciya yake yi, kuma yaron da ya saba da shi ba ya rabuwa da shi har kabari.

"In na gan shi a gidan ɗana, ke da shi za ku fita tare."

Herlinda ta ce to. Ta ɓoye shi a gwangwanin sitati, tana ba yarinyar a bayan zannuwan gado da ta shanya, inda ba mai gani. Sannan wata safiya ta sami surukarta da fuskar damuwa.

"Mama, kififiyarki ta ƙi abinci. Na lura duk ranar da Cleofas ya sha taba a ɗaki ba ta ci. Zakarun nan ma in ta ji motsinsu sai ta shige ƙoƙonta."

Kafin azahar Pomposa ta kora ɗanta waje, shi da tabarsa da zakarunsa. A ranar Herlinda ta gane cewa maganar da aka ƙi ji daga bakin mace, ana ji da gudu in aka ce dabba ce ta faɗa.

Shekara biyu, Nereida ta warke, ba ta ma tuna komai. Pomposa ta rasu. Cleofas ya bi ta bayan wasu shekaru. Ba sauran wanda Herlinda ke tsoro, amma ba ta faɗa ba. Tana da hujjarta a shirye, ta goge ta ta ninke kamar rigar Lahadi: in ta faɗa, mazan layin za su koma shan tabarsu a kan yara. Kuma gaskiya ne. Sai dai maganin rabi biyu ne, ita kuwa rabin da take rabawa shi ne wanda sai da Herlinda yake yiwuwa. Ɗaya rabin, na cikin gwangwani, asibiti kawai yake bukata. In ta ga yaro ya matsu sosai takan waiwayo daga bakin ƙofa ta ce, "Ku ɗan leƙa asibiti ma, Doktora ba ta kishi." Da murmushi take faɗa, a matsayin raha ake ɗauka, ta kuma san haka ake ɗauka.

A watan Janairun bana iskar arewa ta kwana uku tana kaɗawa. Herlinda ta shigo da kififiyar kicin, ta sirka mata ruwa a babbar roba. Da hantsi Tencha ta shigo, maƙwabciyarta kuma uwar baftismar Nereida, wadda layin ke kira gidan rediyo a bayan idonta da kuma gabansa. Ta ja kujera ta zuba wa kanta kofi.

"Ruwan ɗumi! Ke dai dabbar nan ta fi Cleofas morar ki. Shi marigayi ko ranar aurenku bai samu ba."

"Ita ba ta dawowa gida a buge."

"Ai ba ta fita ne. Ki sake ta ki gani, in ba a tsinto ta a mashayar Don Chuy ba ki canza mini suna."

"Sha kofinki, tsohuwar banza. Sukarin ma ya isa haka, ba na gwamnati ba ne."

Suna cikin haka Nereida ta turo ƙofa, ɗauke da 'yarta Yaretzi a naɗe cikin bargo. Yarinyar shekararta biyar, amma ta lafe a kafaɗar uwarta kamar jaririya.

"Ina kwana, Mama. Inna Tencha, ina kwana."

"Ƙawata, yau ba gaisuwa?" in ji Herlinda, tana buɗe bargon.

"Ka... ka," yarinyar ta ce, kalmar ta rabu biyu.

Herlinda ba fuskar ta duba ba, maƙogwaro ta duba. Ramin da ke ƙasan wuya yana lotsawa da kowane numfashi, kafaɗu na ɗagawa, fiton kuma ko daga bakin ƙofa ana jinsa. Ta san wannan sautin kamar yadda ta san sunanta.

Makon da ya wuce ta riga ta kai Doktora gidan Nereida ta yi kwana ukunta. Ta shiga tana neman abin da za ta kora, ba ta samu ba. Mijin Nereida ba ya shan taba, ba kyanwa, ba kaza, ba gawayi, domin gidan 'yar Herlinda ne, a kan ƙa'idojin aka gina shi. A ranar ta san rabinta ba shi da abin yi a nan. Ta ɗauko bokitinta ta dawo, tana ce wa ranta sanyi ne, zai wuce.

"Kwana uku bai ishe ta ba, Mama," in ji Nereida. "Ni ai shekara biyu ta yi a ƙarƙashin gadona. Ki ba ni ita na tafi da ita, zan kula da ita kamar ke."

"Ba ku je asibiti ba?"

"Mun je jiya, malamar makarantarsu ce ta matsa. Suka haɗo mu da abin fesawar nan." Ta bugi jakarta. "Yana nan a kwalinsa, ban buɗe ba. Ni zan lalata wa 'yata zuciya da hannuna? Wanda ya saba da shi ba ya rabuwa da shi har kabari."

"Haka ne kuwa," in ji Tencha. "Kowa ya sani."

Herlinda ta tsaya da bargon a hannu. Shekara ashirin da biyar da rasuwar Pomposa, ga muryarta ta fito daga bakin Nereida ba ko harafi da ya canza. Kuma ba Pomposa ce ta sa ta a wurin ba, domin yarinyar ba ta ma tashi ta san kakarta sosai ba. Layi ne ya koya mata, uwarta na tsaye tana ji.

Dabara ta zo mata nan take, don ba ta taɓa rasa dabara ba. Za ta ce musu Doktora ta tsufa, yanzu tana son a taimaka mata da abin fesawa. Za su yarda. Yarinya ta sha magani, kififiya ta riƙe sunanta, kujera ta zauna inda take. Har ta buɗe baki. Sai ta dubi Nereida, mace mai shekara talatin da ɗaya, wadda ba mai cutar ta a awo ko a canji, tana tsaye tana jiran hukuncin dabbar da ke cikin roba. Za ta fesa sau ɗaya don Doktora ta ce, gobe in yarinya ta ɗan farfaɗo ta mayar da shi kwali saboda zuciya. Ranar da ciwon zai dawo kuma, wataƙila Herlinda ba ta kusa, wataƙila ba ta duniyar.

Tencha ta ga fuskar ƙawarta ta sauya, ta ajiye kofi. "Bari na leƙa wakena a wuta."

"Zauna. Yau ina bukatar kunnenki, bakinki ma ina bukata." Ta juya ga 'yarta. "Nereida, buɗe jakar nan. Ba kififiya ce ta warkar da ke ba. Abin da ke cikin kwalin nan ne. Shekara biyu ina fesa miki shi a bayan shanya, kakarki ba ta sani ba, ubanki bai sani ba. Ga ki nan, zuciyarki ta fi ta doki."

Fiton yarinyar kawai ake ji.

"Mama, wace irin magana ce wannan?"

"Irin wadda ba na maimaitawa. Faɗan da za ki yi mini yana nan, ba inda zan je. Numfashin 'yarki ne ba ya jira. Ba ni."

Nereida ba ta miƙa ba, amma ba ta hana ba lokacin da uwarta ta zare jakar daga kafaɗarta. Herlinda ta wanke hannu, ta yage kwalin. An haɗo musu da wata roba mai kamar kwalba da ake sa wa yaro a baki da hanci. A zamaninta kofin takarda ta huda. Ta tambayi sau nawa aka ce, Nereida ta faɗa da ƙyar. Ta girgiza maganin, ta zaunar da yarinyar a cinyarta, bayanta a ƙirjinta.

"Ƙawata, kin ga yadda Doktora ke yi in ta leƙo daga ruwa? A hankali take ja, ba ta gaggawa. Yi irin nata mu gani. Ja. Sake. Yauwa. Ja."

Suka zauna suna jira, mata uku, ba mai duban wata. Kififiyar ta taso ta ɗora ƙafafun gaba a bakin roba, ta zame ta koma. Can ramin wuyan ya rage lotsawa. Kafaɗun suka sauka. Yarinyar ta yi tari mai nauyi, ta ja numfashi har ciki, ta ce a jere ba tsayawa, "Kaka, abin nan ɗaci gare shi."

Nereida ta juya baya ta rufe fuska da hannu.

Tencha ce ta fara samun baki, kuma ba da wasa ta zo ba. "Herlinda. Jikana Lalo fa? Da ya kwana bakwai a asibiti da robar iska a hanci? Sau biyu kika kawo mana dabbar nan kafin nan."

"Na ce ku leƙa asibiti."

"Kina dariya kika faɗa! A bakin ƙofa!"

"Ina dariya na faɗa," in ji Herlinda. "Da na faɗa yadda ya kamata, da bai kwana bakwai ba. Wannan nawa ne, na ɗauka. Ki faɗa wa uwarsa haka, ko ki bari na je da ƙafata."

"Da ƙafarki za ki."

"To. Sauran kuma na bar miki. Ki bi layin nan gida-gida, kin fi ni iyawa. Ki ce hayaƙi da gashin kyanwa gaskiya ne, kada wani ƙato ya ji ya koma kunna taba a ɗaki. Amma Doktora ba ta zuƙe komai sai kan jatanlande, kuma daga yau ta daina kwanan gidan kowa. Idonta ma ya huta."

"Za su zage ki, ƙawas."

"Su zaga. Na yi shekara arba'in ina wanke ƙazantar mutanen layin nan, na san ba wanda zai daɗe yana ɗaga mini hanci."

Nereida ta juyo, idonta jawur. Muryar da ake ji har bakin kogi ta koma ƙasa-ƙasa.

"A kasuwa nake ba da labarin nan, Mama. Duk wadda ta ce ɗanta na tari, ni nake turo ta. Nakan bugi ƙirji na ce ku dube ni." Ta matso kusa. "Makon jiya kin sani?"

"Na sani."

"Kika ɗauki bokitinki kika tafi."

"Na tafi."

"Don wa kika ɓoye? Kada ki ce don ni."

Herlinda ta gyara wa jikarta bargo. Hujjar nan tata tana nan a ninke, ta mazan layi da tabarsu, kuma ta san in ta ɗauko ta za ta shige. Ta bar ta a inda take.

"Shekara biyun farko don ke. Sauran ashirin da bakwai don ni. Na ji daɗin a riƙa ƙwanƙwasa mini ƙofa."

Nereida ba ta ce ta yafe ba, Herlinda kuma ba ta roƙa ba. Ta san 'yarta, ta san wannan fushin zai kai Ista, wataƙila ya wuce.

"Sun ce in ya yi tsanani mu koma," Nereida ta ce daga ƙarshe.

"Yanzu za mu, su saurari ƙirjin da kansu. Tencha, in kin gama hararata ki kira mana tasi."

Tencha ta fita tana gunaguni, tun kafin ta kai titi aka ji ta tana kiran sunan matar gidan gaba. Nereida ta karɓi 'yarta ta saɓa a kafaɗa. Ta ɗauki abin fesawar daga kan tebur ta juya shi a hannu, ta dubi ƙasansa ta dubi samansa, sannan ta miƙa wa uwarta ba tare da ta kalle ta ba.

"Kafin motar ta zo, sake nuna mini yadda ake haɗa shi. A hankali. Ban gani sosai ba ɗazu."